Yadda ake tace irin shinkafa da ruwan gishiri da ƙwai

Duk manomin da ya taɓa yafa iri a gadon reno a fadamun Auyo ko Kura ya san wannan takaicin: ka zuba tiya guda cif, amma tsiro ya fito tsilli-tsilli. Sau da yawa ba laifin ƙasa ba ne. A cikin buhun akwai ƙwayoyin da ba su yi ido ba, ɓawo ne kawai da iska a ciki. Da kallo ba za ka raba su da masu kyau ba, amma ruwa zai raba maka.

Mu fara da dalilin. Ƙusa 'yar ƙarama tana nutsewa, ga kuma masunci a kogin Haɗejiya kwance a kan gora, shi da komarsa, ruwa na ɗauke da su. Ashe ba nauyi kaɗai ake dubawa ba, sai nauyin abu gwargwadon girmansa. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Ƙarfe mai wannan girman ya kusa kilo 8, dole ya nutse. Gora kuwa cikinsa iska ce, bai kai nauyin ruwan da ya ture ba, don haka ruwan ke tallabe shi. Ƙwayar da ba ta cika ba ƙaramin gora ce.

Nemi bokiti, gishiri kamar kilo 2, ɗanyen ƙwai da mataci. Zuba ruwa lita 10.

Kafin gishiri ya shiga, saka ƙwan a ruwan. Sabon ƙwai zai kwanta a ƙasa. In ya taso, ya kwana biyu ke nan, iskar da ke cikinsa ta ƙaru, kuma zai yi maka ƙarya a awo. Sake wani.

Sannan ka riƙa barbaɗa gishirin kaɗan-kaɗan kana juyawa har ya narke. Za ka ga ƙwan ya fara ɗaga kai, ya miƙe tsaye, can sai ya taso. Ka tsaya idan abin da ya leƙo sama ya kai faɗin murfin kwalbar lemo. Ƙwan bai canza ba, ruwan ne ya ƙara nauyi. Amfanin gishirin ke nan: ruwa zalla ƙaiƙayi da holoƙo kawai yake ɗagawa, ƙwayar da ta yi rabin cika sai ta sulale ƙasa ta saje da masu kyau. A ruwan gishiri ba ta da wurin ɓuya.

Cire ƙwan, ka zuba irin, amma kada ka cika bokitin, a bar wa ruwa sarari a sama. Nan ne mutane da yawa ke yin gaggawa, su yi asara. Busasshen ɓawon shinkafa yana riƙe 'yan kumfan iska a jikinsa, su ɗaga ƙwaya mai kyau sama. Sa hannu ka cuɗa sosai, za ka ga kumfan suna tasowa suna fashewa. Jira minti 2 ko 3 ya lafa, sannan ka kwashe na sama da mataci. A ɗauraye shi a watsa wa kaji.

Na ƙasan shi ne irinka. Don Allah kada ka bar shi ya jima a ciki, gishiri yana cutar da tsiro. Tsame shi nan take, ka wanke da ruwa mai kyau sau uku. Ruwan gishirin zai iya tace wani zubin, in ka gama kuma ka zubar da shi nesa da gona.

Daga nan jiƙa irin kwana ɗaya, ka tsane shi, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Cikin kwana ɗaya ko biyu za ka ga farin baki ya ɓullo a kan ƙwayoyin, sai a kai gadon reno.