Yadda Ake Tsara Yawon Buɗe Ido da Iyali a Mota a Gaɓar Teku Mai Zafi

Duk wanda zai ɗauki iyalinsa a mota domin su bi hanyar gaɓar teku suna kallon wurare, abubuwa biyu ne za su tsara masa yininsa ko ya so ko bai so ba: zafin rana, da kuma cikar teku da janyewarsa. Yawancin masu shirya irin wannan tafiya sukan fara da lissafin kilomita, su jera wurare 8 ko 10 da suke son gani a yini ɗaya, sai su wayi gari suna tsaye a kan rairayi mai ƙuna da tsakar rana, yara na kuka, wurin da aka zo kallo kuma ruwa ya riga ya rufe shi. A ganina, idan akwai ƙananan yara a motar, wurare 2 ko 3 a yini sun wadatar, muddin an zaɓi lokacin da ya dace da kowannensu.

Kafin a tashi, a buɗe taswira a duba ta wane ɓangare teku zai kasance. A ƙasashen da ake tuƙi a hannun dama, ya fi kyau a bi hanyar ta yadda teku zai kasance a dama, a ƙasashen da ake tuƙi a hagu kuma ya kasance a hagu. Dalili shi ne wuraren tsayawa don kallo galibi suna gefen ruwa ne, don haka direba zai riƙa ratsewa yana komawa kan titi ba tare da ya tsallaka gaban motocin da ke tahowa ba, fasinjoji kuma su yi kallo babu abin da ya tare musu ido. Haka nan a lura da inda gaɓar ta fuskanta: wadda ta fuskanci yamma ita ce ake ganin faɗuwar rana cikin ruwa a kanta, wadda ta fuskanci gabas kuwa kyanta da sassafe yake. Kada kuma a amince da lokacin da manhajar taswira ta ƙiyasta, domin hanyoyin gaɓa suna da kwana-kwana, suna ratsa ƙauyukan masunta, wani lokaci ma sai an jira jirgin fito kafin a haye bakin kogi. A ƙara aƙalla rabin lokacin da ta faɗa, a kuma saukar da taswirar cikin waya tun ana gida saboda wuraren da babu sabis.

Sai batun cikar teku, wanda shi ne mutanen da ba su saba da gaɓa ba suka fi yin sakaci da shi. A mafi yawan gaɓoɓin duniya ruwa yana cika sau 2 yana janyewa sau 2 cikin kimanin sa'o'i 24 da minti 50, wato tsakanin cika da janyewa akwai sa'o'i 6 da 'yan mintuna, kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana. Ƙarfin jan wata ne babban musabbabin hakan, rana kuma tana taimakawa, shi ya sa a kwanakin da wata ya cika da kwanakin da ya ɓuya ruwan ya fi hawa sama, ya kuma fi ja da baya. Ba ko'ina ne abin yake da girma ba: a mafi yawan Bahar Rum bambancin kaɗan ne, alhali a wasu gaɓoɓin yakan kai mita da yawa. Ana samun jadawalin cikar ruwa na kowace tashar jiragen ruwa a intanet, masunta da ma'aikatan masauki ma sun san shi.

Amfanin wannan jadawali ga mai yawon kallo yana da yawa. Lokacin da ruwa ya janye ne ake ganin ƙananan kududdufai a tsakanin duwatsu, cike da ƙaguwa da ƙananan kifaye da katantanwa, kuma babu abin da ke riƙe hankalin yaro kamar waɗannan. A isa wurin sa'a guda kafin ruwa ya kai ƙarshen janyewarsa, a bar shi da zarar ya fara dawowa. Kogunan dutse da ke bakin ruwa, da tsibiran da ake takawa da ƙafa a isa gare su, da lungunan rairayi da tsauni ya kewaye, duk wurare ne da ruwa ke datse wa mutane hanyar komawa, domin sau da yawa yana zagayowa ta baya ne ta wani kwari kafin wanda ke gaba ya ankara. Kada a ajiye mota a kan rairayin da ke da danshi, ko ƙasa da layin ciyayi da tarkacen da ruwa ya bari, domin wannan layin shi ne shaidar inda ruwa ya kai a cikarsa ta baya. Motar da ba a ƙera ta don yashi ba kuwa kada a sauke ta daga kan titi kwata-kwata.

Game da rana, tsarin da ya fi dacewa shi ne a raba yini gida uku. Daga fitowar rana zuwa hantsi a yi duk abin da ke buƙatar tafiya a ƙafa a sarari, kamar hawa hasumiyar fitilar da ke yi wa jiragen ruwa jagora, ko zagaya tsohuwar ganuwa, ko zuwa inda masunta ke sauke kamu, wanda a wurare da yawa da safe ake yi. Tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma hasken rana ya fi ƙona fata, saboda haka wannan ne lokacin tuƙi mai nisa, ko shiga gidan tarihi, ko cin abinci da hutawa a inuwa. Da la'asar a koma bakin ruwa. A wannan lokaci iska mai sanyi takan taso daga teku, saboda ƙasa tana ɗaukar zafi da sauri fiye da ruwa, iskar da ke kanta ta tashi sama, ta kan teku ta maye gurbinta. Sai dai a tuna cewa a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya duhu yana saurin shiga bayan faɗuwar rana, ba ya wuce kimanin rabin sa'a, don haka wanda ya tsaya kallon faɗuwar rana ya tabbata masaukinsa na kusa. Tuƙin dare a baƙuwar hanya mai kwana, ga gajiya, ga dabbobi da masu tafiya a ƙafa, abu ne da ya kamata a kauce masa.

Rairayi da ruwa suna maido da hasken rana, gajimare kuma ba ya tare shi gaba ɗaya, shi ya sa mutum kan ƙone ko yana ƙarƙashin lema. Duhun fata yana rage haɗarin amma ba ya kawar da shi. A tanadi man kariya daga rana mai lamba 30 ko fiye, a shafa shi kafin a fita, a sake shafawa duk bayan sa'o'i 2 da kuma bayan an fito daga ruwa. Jariran da ba su kai wata 6 ba a ajiye su a inuwa kawai. Hula mai faɗin baki, da tabarau, da tufafin auduga masu sauƙi da suka rufe kafaɗu sun fi kowane man shafawa amfani. Ruwan sha kuwa a ɗauki fiye da abin da ake zaton za a buƙata, a riƙa ba yara ba tare da an jira sun ce suna jin ƙishirwa ba, domin wasa kan ɗauke musu hankali. Idan yaro ya yi laushi, ko fitsarinsa ya ragu ya yi duhu, ko ya kama gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti. Idan babu, a haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta. Idan ya rikice, ko jikinsa ya yi zafi ƙwarai, a jiƙa shi da ruwa a nufi asibiti nan take.

Kada a bar yaro shi kaɗai a cikin mota ko na minti ɗaya, ko da yana barci, ko da an ɗan sauke gilashi. Zafin cikin rufaffiyar mota yana iya ƙaruwa da kimanin digiri 10 na ma'aunin Salsiyos cikin minti 10, jikin ƙaramin yaro kuma yana ɗaukar zafi da sauri sosai fiye da na babba.

Shiga ruwa shi ne abin da yara za su fi matsa wa iyaye a kai, kuma nan ne ake buƙatar tsayawa kai da fata. A zaɓi bakin tekun da ke da masu ceto. Inda aka kafa tutoci masu launin ja da rawaya, tsakaninsu ne aka amince a yi iyo. Jar tuta zalla tana nufin kada a shiga. Babban haɗarin shi ne wata siririyar igiyar ruwa da ke gudu daga gaɓa zuwa cikin teku, wadda gudunta kan kai mita 2 cikin daƙiƙa, fiye da ƙarfin gwanin iyo. Abin da ke sa ta yaudari mutane shi ne takan bayyana a matsayin wuri mai lumana da duhun ruwa a tsakanin raƙuman ruwa masu kumfa, sai uba ya ga kamar nan ne ya fi dacewa da yara. Wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita yana neman komawa gaɓa kai tsaye, domin gajiya ce ke kashewa. Ya kwanta rigingine a kan ruwa ya ɗaga hannu a gan shi, ko ya yi iyo ta gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinta. A koya wa duk yaron da ya yi wayo wannan tun a mota. Ƙananan yara kuwa kada su wuce inda hannun babba zai kai gare su, kuma a ware mutum guda da aikinsa kallonsu ne kawai, ba waya a hannunsa, a riƙa karɓa-karɓa, saboda yaron da ke nutsewa ba kasafai yake iya yin ihu ba. Robobin da ake hurawa a hau kansu ba abin dogaro ba ne, iskar da ke kaɗawa daga tudu tana iya tura su cikin teku da yaro a kai.

Akwai wata alama da ya kamata kowane baƙo a gaɓa ya sani. Idan ƙasa ta girgiza, ko teku ya janye farat ɗaya ya bar ƙasansa a fili ba a lokacin janyewarsa ba, a gudu zuwa tudu ba tare da tsayawa ɗaukar kaya ba. Haka ruwa ya yi a wasu gaɓoɓin Tekun Indiya ranar 26 ga Disamba, 2004, kafin ambaliyar tsunami da ta hallaka mutane fiye da 200,000, kuma wasu sun sauka kallon kifayen da ruwan ya bari ne ya dawo ya same su.

A sa wa yara takalman roba masu rufe ƙafa saboda duwatsu masu kaifi da halittun ruwa masu ƙaya. Idan wata halittar ruwa mai laushin jiki da dogayen zaruruwa, wadda ake kira jellyfish da Turanci, ta harbi wani, kada a murza wurin, kada kuma a zuba masa ruwan sha. A ɗauraye da ruwan teku, a cire zaruruwan da hantsaki, sannan a jiƙa wurin a ruwa mai zafin da za a iya jurewa. Murjani halitta ce mai rai wadda ke ɗaukar shekaru kafin ta girma, don haka ba a taka shi, ba a kuma ɓalle shi a tafi da shi. A gaɓoɓin da kunkurun teku ke hawowa da dare su yi ƙwai, hasken tocila da na fitilar mota yana rikita 'ya'yansu idan sun ƙyanƙyashe, su nufi tudu maimakon ruwa, saboda haka a bi jagoran wurin a kashe fitilu. Masunta da masu sana'a a bakin ruwa kuwa mutane ne da ke kan aikinsu, a gaishe su, a nemi izini kafin a ɗauke su hoto.

A cikin motar, kowa ya ɗaura bel, ƙananan yara kuma a zaunar da su a baya cikin kujerar da ta dace da shekarunsu da nauyinsu. Kwanar hanya tana tayar wa yara zuciya, musamman 'yan shekara 2 zuwa 12. Abin da ke taimakawa shi ne su daina kallon waya ko littafi, su riƙa duban nesa ta gilashin gaba, a bar iska ta shigo, a kuma guji cika musu ciki da abinci mai maiƙo kafin a tashi. Leda da tufafin canji su kasance kusa, ba can ƙarƙashin kaya a but ba. Direba ya tsaya ya huta na aƙalla minti 15 duk bayan sa'o'i 2, kuma kallon teku ba nasa ba ne sai ya faka.

Ita ma motar a kai ta wurin bakanike kafin tafiya ya duba birki, da ruwan lagireto, da baƙin mai, da batir, da na'urar sanyaya ciki. Iskar taya ana auna ta ne da safe kafin tayar ta ɗauki zafi, har da ta safaya, a kuma tabbatar jak da sifana suna nan. Idan injin ya yi zafi a hanya, a tsaya a kashe shi, kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce, domin ruwan da ke ciki yana iya feso wa mutum a fuska. A gaɓar da garuruwa ke nesa da juna, a sha mai da zarar tanki ya kai rabi. Bayan an dawo gida kuma a wanke motar da ruwa mai yawa, musamman ƙarƙashinta da cikin mazaunin tayoyi, saboda gishirin iskar teku da yashin da suka maƙale a can suna hanzarta tsatsa.