Yadda ake raba bishiya da kututture da gara

Ƙasar da kake gani ta lulluɓe jikin mangwaro ko kashu rumfa ce da gara ke yi don ta kare kanta daga rana da tururuwa. Gidanta yana cikin ƙasa, wani lokaci nesa da bishiyar. Shi ya sa mai fesa maganin sauro ko ota-fiya-fiya a jikin ɓawo yake ganin gara ta zube, bayan kwana uku kuma ta sake gini. Ma'aikata ya kashe, sarauniya na can ƙasa tana zuba ƙwai.

Fara da gane irin ɓarnar. Kankare rumfar da itace ka duba. Idan busasshen ɓawo kaɗai ta ci, ƙarƙashinsa ɗanye ne, babbar bishiya ba ta cikin haɗari. Koma bayan kwana 2 ko 3, in an sake gini to akwai gida mai rai a kusa. Daga nan ka bubbuga gangar jikin da ƙotar gatari tun daga gindi. Lafiyayyen itace ƙararsa a dunƙule take, wanda aka cinye cikinsa kuwa yana amsawa kamar ganga. Inda ka ji haka, zura siririn rodi ta wani rami ko tsohon ciwo ka auna. Idan lafiyayyen itacen da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin uku na tazarar ɓawo zuwa tsakiya ba, kuma bishiyar na kan ɗaki ko hanya, magani ba zai mayar da ƙarfinta ba. A sassabe rassan ko a sare ta kafin iskar farkon damina.

Ƙananan dashe sun fi shan wahala, musamman turare da mangwaro a shekararsu ta farko da ta biyu. Akwai ƙaramar gara da ba ta yin suri, ta saiwa take shiga, sai dai ka ga dashe ya yi yaushi, ka ja ya fito ba saiwa. Yawanci ƙishirwa ce ke buɗe mata ƙofa, don haka ban ruwa a kan kari da rani rabin magani ne. Ciyawa ko kara da ka shimfiɗa don riƙe laima, ja su baya kamar taƙi ɗaya daga gindin. Takin da bai ruɓe ba, mai kara da ɓuntu, gayyatar gara ne.

Idan abin bai yi nisa ba, kayan gida sun isa. Kankare rumfar duka, ka zuba toka kewaye da gindi. Daka ƙwayar darbejiya rabin kilo, jiƙa a ruwa lita 10 ta kwana, tace, ka wanke jikin bishiyar ka tsiyaya sauran a gindi. Korar gara wannan yake yi, ba ya kashe gida, kuma rana na kashe ƙarfinsa, sai an maimaita duk mako. Baƙin mai kuwa a bar shi: yana ƙona ɓawon ƙaramar bishiya, ya ɓata ƙasa.

Inda ake son gamawa da gidan, a nemi magani mai fipronil ko imidacloprid wanda takardarsa ta ambaci gara. Amfaninsu shi ne gara ba ta jin su balle ta kauce, kuma ba sa kashewa nan take. Tana ratsawa ta kwasa a jikinta, ta kai gida, 'yan'uwa su lashe. Haƙa kwalbati kewaye da bishiyar, faɗi da zurfi kamar santimita 15, ka kiyaye manyan saiwoyi. Haɗa maganin daidai yadda takardar ta ce, ka zuba wajen lita 5 a kowace mita ɗaya, ka jiƙa ƙasar da ka haƙo kafin ka mayar. Ƙara ƙarfin haɗi kuskure ne, domin gara za ta mutu a hanya ba ta isar da saƙo ba. Idan akwai kogo, ɗura maganin ta ramin sama ya gangaro, ka toshe da laka. Ka ba shi makonni kafin ka yanke hukunci.

Magungunan nan guba ne ga ƙudan zuma, fipronil kuma har da kifi. Imidacloprid saiwa na shan sa ya hau har fure, don haka kada a zuba wa bishiyar da ke huda ko ɗauke da 'ya'ya, kuma bishiyar ci sai wadda takardar ta yarda. A nisanci rijiya, kada a yi aiki ƙasa na jagab ko hadari ya haɗo. Safar hannu da takunkumi dole ne. A tsare kaji, shinge (gara mai fiffike) da ya fito daga wurin kuma ba na ci ba ne.

Kututture maganinsa cirewa. Haƙa kewaye da shi, datse saiwoyi da gatari, tumɓuke, ka bi manyan saiwoyin ka zaro su, ka ƙona nesa da gida, sannan ka cike ramin ka daddale. Saiwar da aka bari ita ce hanyar da gara ke bi zuwa azara da ƙofa. Wanda ya fi ƙarfin haƙa, a huda shi daga sama, ramuka masu zurfin santimita 20 zuwa 30, tazarar taƙi ɗaya, a cika da haɗin, a yi masa kwalbati shi ma. Zuba fetur a cinna wuta ba ya kai wa gidan, wutar kuma tana iya bin ruɓaɓɓiyar saiwa tana ci a ɓoye kwana da kwanaki.

Idan akwai suri a kusa, a fasa shi har a kai ga wani dunƙulen laka mai tauri daidai da fuskar ƙasa ko ƙasa kaɗan. A ciki sarauniya take, fara, mai kaurin babban yatsa. A cire ta, a baje surin, a dawo bayan wata ɗaya a duba, domin wani gidan yakan naɗa wata.