Yadda na warware wa ƙanwata lissafin gangaren layi

Ƙanwata tana aji uku a ƙaramar sakandare, kullum sai ta juya lissafin gangaren layi. Maimakon ta raba hawan layin da tafiyarsa gaba, sai ta sa na kwance (tafiya) a sama, na tsaye (hawa) a ƙasa. Na yi bayani har bakina ya bushe, shiru.

Rannan na ja ta gindin matakalar benenmu da tef ɗin tela. Tsayin kowane taki santimita 15, faɗinsa 30. Na ce, "Ke, in kika matsa gaba 30, nawa kika hau?" Ta ce 15. To, a raba 15 da 30, rabi ke nan.

Muka koma littafi: ɗigo (1, 2) da (4, 8). Hawa 6, tafiya 3, amsa 2. Da layi ya gangaro kuwa, da kanta ta sa alamar ɗebewa, amma fa sai da ta sauko matakalar sau biyu.