Yadda ake farfaɗo da hurumin ƙauye tare da masu cin moriyarsa

A yankin Illela, Gada, Tangaza da Gwadabawa na jihar Sakkwato ruwan sama ba ya wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara kuwa iska ce da rana. A irin wannan ƙasa, shuka itace abu ne mai sauƙi, rayar da shi ne aiki. Shingen waya da mai gadi ba sa rayar da daji, domin wanda ya fi kowa sanin inda ake tsallake waya shi ne wanda aka hana shiga. Abin da ke rayar da shi yarjejeniya ce tsakanin masu amfani da wurin, kuma ita ake fara ƙullawa kafin a taɓa fartanya.

Tsarin ba baƙo ba ne a wajenmu. Hurumi da burtali sun daɗe a ƙasar Hausa, shari'a kuma ta san hima, wato keɓaɓɓen wurin kiwo, tun lokacin da Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin kiwon dawakai. A Argungu, Sarkin Ruwa kan hana kamun kifi a kogin Matan Fada har ranar biki, shi ya sa ake samun manyan kifaye a wurin.

Matakin farko shi ne gano kowa da kowa da ke cin wurin. Manoman da gonakinsu ke iyaka da shi, Fulanin da ke zaune da waɗanda ke ratsawa da rani, matan da ke yo itace da tsinkar ganyen kuka da ɗiyan aduwa, mafarauta, masu magani, masu saƙar zana, masu zuma. A sanar da uban ƙasa, a zauna a ƙofar hakimi tare da liman, ardo, sarkin noma da sarkin dawa. Mata a yi musu zama nasu daban a cikin gida, don a gaban maza ba za su faɗi abin da suka sani ba, alhali su ne suka san itacen da ya ɓace da shekarar da ya ɓace. Makiyayan da ke zuwa da rani su ne aka fi mantawa. Idan aka yanke magana da damina ba sa nan, ranar da suka iso suka tarar da mashayarsu a rufe, dokar ta mutu a ranar.

Daga nan a taka iyaka da ƙafa, duka ɓangarorin tare, a kafa alama da duwatsu ko a shafa fenti jikin manyan itatuwa. Kada hurumi ya haɗiye burtali ko hanyar zuwa rijiya. Kada kuma a rufe wurin gaba ɗaya. A raba shi kashi uku ko huɗu, a hutar da kashi ɗaya na damina biyu zuwa uku, sauran a ci gaba da kiwo.

Yarjejeniyar ta zama a rubuce da boko da ajami, a karanta ta bayan sallar Juma'a da kuma ranar kasuwa, a kai kwafi sashen gandun daji na ƙaramar hukuma. Dole ta amsa tambaya ɗaya ƙarara: itacen da mutum ya raina, na wane ne? Muddin manomi na tsoron malamin daji zai ci shi tara idan ya sare reshen itacen da ke gonarsa, zai kashe tsiron tun yana ƙarami. Tara ta zama wadda talaka zai iya biya, ta hau kan ɗan hakimi kamar yadda take hawa kan baƙo, kuɗin kuma a faɗi adadinsu a bainar jama'a.

Sai aikin ƙasa. Kafin a nemi ko dashe ɗaya, a duba abin da ke nan. Sabara, kalgo, geza, magarya, aduwa da gawo da ake sassabewa duk shekara ba su mutu ba, kututturensu da saiwarsu na raye a ƙasa, kuma saiwar ta riga ta kai inda danshi yake. Wannan ita ce dabarar da ta fara yaɗuwa a Maraɗi tun 1983, wadda manoman Nijar suka rayar da itatuwa da ita a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5. A kowane kututture a zaɓi tsiro uku zuwa biyar mafi tsayi da miƙewa, a cire sauran. A waɗanda aka bari a datse rassan ƙasa har zuwa rabin tsayin tsiron, kada a wuce haka. Wanda aka yi wa aski har ƙoli sai ya yi siriri, iska ta karya shi ko akuya ta lanƙwaso shi. Adda ko lauje ya kasance da kaifi sosai, a yi sara daga ƙasa zuwa sama. Saran da aka yi daga sama yakan tsaga ɓawo ya gangara, gara da ruɓa su shiga ta nan. A ɗaura tsumma mai launi don mai neman itace ya san wannan yana da mai shi, rassan ƙayar da aka cire kuma a kewaye gindin da su. A koma bayan wata uku zuwa shida a sake gyarawa. A gona, itace 40 a hekta mafari ne mai kyau. Gawo dai a bar duk wanda aka samu, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma ɗiyansa abincin dabbobi ne.

Inda ƙasa ta zama faƙo, ruwa na gudu a kai ba ya shiga, sai a haƙa rami mai siffar rabin wata don tare ruwa. Faɗin bakinsa mita 4, zurfi santimita 15 zuwa 25, bakin yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, ƙasar da aka haƙo a tara ta a gefen gangare a daddaɓe. Layi na biyu ya zauna a tsakanin gurabun layin farko, ta yadda ruwan da ya kuɓuce wa ɗaya zai faɗa wa na ƙasa. Hekta na ɗaukar kusan 300. A haƙa da rani, a zuba taki, ruwan farko ya sauka a watsa irin gamba da kyasuwa. Kurakuran nan biyu ne kullum: juya baki ga gangare, da haƙawa a jigawa mai rairayi inda iska ke cike ramin kafin damina. A bakin kwazazzabo mai ƙarfin ruwa ma ba a yin sa, jerin duwatsu ake fara yi daga sama don rage gudun ruwan.

Ciyawa na dawowa, wuta na biye da ita. Da an gama girbi, kafin iskar hunturu ta kankama, a share hanyar kare wuta mai faɗin mita 10 zuwa 15 kewaye da kashin da aka hutar. Ciyawar da aka yanka a raba ta ko a sayar bisa yarjejeniya. Wannan rabon farko yana da muhimmanci ƙwarai, shi ne ke nuna wa makiyayi cewa rufewar ba asara ba ce.

Namun daji ba a kawo su, da kansu suke komowa idan suka sami mafaka. Zabon daji da fakara a ƙasa suke ƙwai cikin ciyawa da damina, saboda haka farauta da tsintar ƙwai su tsaya daga faɗuwar ruwa har bayan kaka. Farautar gayya da karnuka da cinna wuta don korar zomo ko gafiya a hana ta a cikin hurumi ɗungurungum. A bar tsofaffin itatuwa masu kogo, nan mujiya ke kwana, ita kuwa ke rage ɓeraye a gona. A bar suri, domin damo da guza na fakewa a ciki. Ungulu ta ragu matuƙa, tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma mushe ɗaya da aka sa wa guba don kashe karnuka ko dila na iya hallaka garken ungulu guda. A tafki da fadama, zuba maganin ƙwari don kama kifi na kashe har ƙananan da za su zama kifin baɗi, ga haɗari ga mai ci da dabbar da ta sha.

Masu sa ido mafi dacewa su ne mafarautan kansu ƙarƙashin sarkin dawa, tare da samarin ruga, don su suka san sawu. A ba su littafi su riƙa rubuta abin da suka gani sau ɗaya a wata, a kan hanya ɗaya, da sassafe: sawun me, tsuntsu nawa, sabon sara a ina. A Kure ta Nijar, raƙuman dawa sun ragu zuwa kusan 50 a 1996, suka haura 600 bayan shekara ashirin, a cikin gonakin mutane ba a bayan shinge ba.

Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wato shirin dashen itatuwa don tare hamada, ya shafa, don haka tallafin dashe ko rijiya na iya zuwa. Idan ya zo, a sa dashen inda babu kututture mai rai kaɗai, a cikin ramin rabin wata, a watan Yuli bayan ƙasa ta jiƙu sosai, a yaga ledar a cire ta kafin a binne. Kuɗin aikin haƙa kuma kada ya zama shi ne dalilin fitowar mutane, domin ranar da ya yanke aikin zai tsaya. Kowace shekara bayan girbi a sake zama a ƙofar hakimi, a karanta littafin masu sa ido, a faɗi kuɗin tara, a yanke kashin da za a buɗe da wanda za a rufe, kafin garkunan rani su iso.