Yadda Ake Ceto Bishiyar Tukunya Idan Ta Fara Yaushi

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, mangwaro da gwaba da lemun tsamin da aka dasa a rabin durum ko bokitin fenti su suka fi jin jiki. Da mutum ya ga ganye ya langaɓe sai ya ƙara ruwa ya zuba taki, alhali sau da yawa wannan ne ke ƙarasa bishiyar.

Fara da duba ko da sauran rai. Kankare ɓawon reshe da farce. In ka ga kore mai danshi, akwai rai. In busasshe ne, ka yi ta sauka har ka iske kore, ka datse na sama.

Sannan ka tura yatsa cikin ƙasar, domin ƙishirwa da yawan ruwa duk yaushi suke sa ganye. In ta bushe har ta janye daga jikin mazubin, ruwa zai bi gefe ya wuce. Zuba kaɗan-kaɗan da sassafe har ta sha.

In kuwa ta jiƙe sharkaf tana wari, ganye yana rawaya yana zuba, saiwa ce ta fara ruɓewa, kuma nan aikin yake. Kwantar da mazubin, ka zaro bishiyar da ƙasarta. Yanke duk saiwar da ta yi baƙi ta yi laushi da wuƙa mai tsabta, ka bar masu ƙwari. Huda gindin mazubin wuri da dama. Lakar fadama ita kaɗai ba ta yi, riƙe ruwa take, sai an gauraya ta da yashi da kashin shanu da ya riga ya ruɓe. Gwanda ta fi kowa rashin jure kwanciyar ruwa, kada a yi mata jinkiri.

Durum a kan siminti da tsakar rana dafa saiwa yake. Ɗora shi kan bulo inda zai sami ranar safe da inuwar yamma, ka baza ɓuntun shinkafa a saman ƙasar, amma kada ya taɓa gindin bishiyar.

Leƙa bayan ganye. In akwai fararen ƙwari kamar auduga, kiyashi na zirga-zirga, fesa ruwan ganyen dogon yaro da ɗan sabulu bayan la'asar.

Taki kam sai ta fitar da sabon toho, ko da za a yi makonni ana jira. In mangwaro mai aure ne, cire duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren, domin na gindin da aka ɗora a kai ne, ba irin da ka saya ba.