Yadda Ake Ƙera Kamiyon Wasa na Katako da Zarton Zane

Motar wasa ta katako daga taya take fara mutuwa. Jikinta zai iya yin shekaru, amma in taya ta cije ko ta fice, yaro ya gama da ita. Saboda haka a wannan kamiyo, irin masu ɗauko albasa daga Galmi zuwa Yamai, gatari (sandar da ke riƙe tayoyi) da tayoyi ne za su ci rabin lokacinka.

A Kasuwar Katako ka nemi farin katako busasshe mai kaurin santimita 2, wanda babu ƙulli ko ramin gara a jikinsa. Jan katako ya fi ƙarko, sai dai yana saurin dakushe zarto kuma yana ƙonewa a wurin lanƙwasa. Guntayen da kafintoci ke zubarwa sun isa. Ɗanyen katako kuwa kada ka taɓa shi, da hunturu ya busa zai tsage. In katakon da ake ɗora kaya a kansa ka samu, duba tambarinsa: HT na nufin da zafi aka gasa shi, MB na nufin an yi masa turaren maganin ƙwari mai guba, kuma yaro kome baki yake kai shi.

Gindin mota: tsawo santimita 18, faɗi 6, jijiyar katakon ta bi tsawon. Kan mota guntaye 3 ne masu siffa ɗaya, kowane santimita 5 da 5, ka liƙa su gefe da gefe su ba ka faɗin 6. Bangon akwatin kaya a yi shi da falanki mai kaurin milimita 8, tsayinsa santimita 3.

Zarton zane shi ne ƙaramin injin nan mai teburi, wanda siririn ruwansa ke hawa da sauka. Ga katako mai wannan kauri, ruwa mai lamba 5 ko 7 ya dace. Ɗaura shi haƙora suna kallonka kuma suna duban ƙasa. In ka juya su sama, katakon zai riƙa tsalle a hannunka. Ɗame shi har in ka kaɗa shi da yatsa ya yi ƙara siririya kamar tsirkiyar gurmi. Sako-sako yana karkacewa, yankan ya fito a gicciye, sama daban ƙasa daban.

Zana siffar a takarda, ka liƙa a katakon, ka rufe da farin salatif, yana rage ƙuna. Danne katakon da hannu biyu, yatsu a gefe, ba gaban haƙora ba. Kada ka tura da ƙarfi. Yawancin ruwan da ke karyewa turi ne ke karya shi, musamman turin gefe lokacin da mutum ya sauka daga layi yana son komawa da sauri. In ka sauka, juya katakon a hankali har ka sake hawa. In ka ji ƙauri ko ka ga gefen ya yi baƙi, ruwan ya dakushe, canza shi. Tagar direba kuwa, huda rami a tsakiyarta, kwance ruwan daga sama, zura shi ta ramin, ka sake ɗaurewa ka yanke. Sa takunkumi saboda ƙura, kuma da an ɗauke wuta ka kashe injin, don kada ta dawo hannunka na kan teburin.

Yanzu tayoyi. Tsakar gidajenmu rairayi ne, ƙaramar taya nutsewa take yi. Yi su faɗin santimita 5, kauri 2. Ana iya yanka su da zarton zane, amma da wuya su fito da'ira sosai, sai motar ta riƙa ɗingishi. Zarton da'ira da ake ɗaura wa injin huji ya fi. Huda zuwa rabi, juya katakon, ka ƙarasa ta baya, haka bakin ba zai yage ba. Ramin da ya bari a tsakiya ka faɗaɗa shi zuwa milimita 8.

Gatarin sandar katako ce zagayayya mai kaurin milimita 8, tsawo santimita 10.4. Ramin da za ta bi a gindin mota milimita 9 ne, santimita 3.5 daga kowane ƙarshe, daidai tsakiyar kauri. Wannan milimita ɗayan da ya ƙaru shi ke barin gatari ya juya, har da damina lokacin da katako ke kumbura. Ramin nan dole ya miƙe. In ba ka da injin huji na tsaye, sa alama a gefe biyu, ka huda daga kowane gefe su haɗu a tsakiya. Karkataccen rami shi ke sa taya ɗaya ta rataya a iska. Kada kuma akwatin kaya ya wuce faɗin gindi, domin tayoyin sun ɗara gindin tsayi, za su goga.

Kafin haɗawa, goge kome da samfefa mai lamba 80, sai 120, sai 220, ka kashe kowace kusurwa har ta daina kama yatsa. Farin gam na katako kawai za ka yi aiki da shi, ba ƙusa. Matse sassan, ka bar su su kwana. A taya, cikin raminta kaɗai za ka ɗiga gam. Saka guntun kwali tsakanin taya da jiki don ya bar tazarar milimita 2, ka zare shi bayan gam ya kama. Ɗigo ɗaya in ya shiga ramin gindi, gatarin ya kafe ke nan.

Fentin mota da na ƙarfe ba na kayan yara ba ne, wasunsu akwai dalma a ciki. Mu mun fi son man kaɗanya da aka narka da kakin zuma, a shafa, a bari ya sha, a goge da tsumma. Man gyaɗa yana yin wari in ya daɗe. Ga yaron da bai kai shekara 3 ba, kada a ƙara fitilu ko buhunan albasa ƙanana: ma'aunin da ake gwada kayan wasan ƴan wannan shekaru da shi bututu ne mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige cikinsa zai iya shaƙe yaro. Ka kama kowace taya ka murɗa ka ja da iyakar ƙarfinka kafin ka miƙa masa motar. Wadda ta motsa, cire ta ka sake liƙawa.