Yadda ake shirya wa tsofaffin hafsoshi ziyarar filayen yaƙin basasa daga Kaduna

Wanda ya riƙe bataliya a yaƙin 1967 zuwa 1970 yau ya haura tamanin, don haka likita za a fara gani: awon jini, sukari, da maganin mako guda a aljihu. Sannan a kai takarda hedikwatar Runduna ta Ɗaya ta sojan Najeriya a Kaduna da ofishin Nigerian Legion, ƙungiyar tsofaffin sojoji, su sanar da barikin da ke kusa da kowane zango.

A tafi da rani, Nuwamba zuwa Fabrairu, don damina na ɓata hanyoyin ƙauyuka. Kada a sa tafiya ranar Litinin a Kudu maso Gabas, saboda zaman gida na dole da masu fafutukar Biyafara suka ƙaddamar a 2021. A kwana Lokoja ko Makurdi, kada a miƙe da dattijo a yini ɗaya.

Zango uku sun isa. Gakem a jihar Cross River, inda aka fara harbi ranar 6 ga Yuli 1967. Abagana a jihar Anambra, inda sojojin Biyafara suka yi wa ayarin Runduna ta Biyu ta sojan Najeriya kwanton ɓauna a Maris 1968. Sai gidan tarihin yaƙi na Umuahia a jihar Abia.

Inda aka fi samun matsala shi ne shiga gari kai tsaye. A fara gaida basaraken wurin da goro, a zo da tafinta mai jin yaren wurin, a bar kaki da lambobin yabo a gida, domin akwai waɗanda aka kashe iyayensu a nan. Tsohuwar taswira kuma tana ruɗarwa, inda ramin ɓuyan sojoji yake a da, yanzu gona ce ko makaranta. Dattawan ƙauye sun fi sanin wurin. In aka ga ƙarfe mai tsatsa a ƙasa, kada a taɓa, har yanzu ana tono bama-baman da ba su tashi ba. A sanar da 'yan sanda.